K. M. Mani da Kujerar Pala: Yadda Ƙaramar Jam'iyya Ta Zaunar da Mutum Ɗaya a Majalisa Fiye da Shekara 50

Mazaɓar Pala tana gundumar Kottayam ne a jihar Kerala, can kudu maso yammacin Indiya. An ƙirƙire ta gabanin zaɓen 1965, kuma tun daga wannan shekara har zuwa watan Afrilun 2019 ba ta san wani wakili a majalisar dokokin jiha ba in ban da mutum ɗaya, wato Karingozhakkal Mani Mani, wanda aka fi sani da K. M. Mani, mutanensa kuwa suke ce masa Mani Sa, kamar yadda ɗalibai ke kiran malaminsu. Sau 13 ya tsaya takara a wannan mazaɓa, sau 13 ya yi nasara. Ya riƙe muƙamin minista na kimanin shekara 24 a ƙarƙashin manyan ministoci shida, ya kuma gabatar da kasafin kuɗin jihar har sau 13, abin da babu wani ministan kuɗi na Kerala da ya kamo ƙafarsa a kai. Duk da haka, jam'iyyar da ke ɗauke da harafin sunansa, wato Kerala Congress (M), ba ta taɓa wuce kujeru 10 a majalisa mai kujeru 140 ba, shi kansa kuma bai taɓa zama babban ministan jihar ba. Waɗannan abubuwa biyu, daɗewar da kuma rashin kaiwa ƙololuwa, tushensu ɗaya ne, sai dai ba za a ga hakan ba sai an fahimci irin filin da mutumin ya yi wasansa a ciki.

Jihohin Indiya suna bin tsarin majalisa ne irin na Birtaniya, kwatankwacin wanda jihohin Nijeriya suka bi a Jamhuriya ta Farko, zamanin firimiyoyi. Gwamnan jiha naɗa shi ake yi daga Delhi, kuma yawancin aikinsa na alama ne. Mai riƙe da ragamar mulki shi ne babban minista, wanda ke fitowa daga jam'iyya ko ƙawancen da ya fi rinjaye a majalisa. Ministocin jiha, waɗanda suke daidai da kwamishinoni a wurinmu, dole ne su kasance 'yan majalisa, ko kuma su zama 'yan majalisa cikin wata shida da naɗinsu. Babu ƙayyadadden wa'adi ga ɗan majalisa ko minista, saboda haka muddin mazaɓar mutum tana maido shi, kuma ƙawancen da yake ciki yana cin zaɓe, kujerarsa ta minista tana nan tana jiransa. Wani abu kuma da ya fi wannan muhimmanci shi ne, gwamnati na iya faɗuwa kowace rana idan ta rasa rinjaye a zauren majalisa, wanda ke nufin cewa mai 'yan majalisa shida ko tara a aljihunsa yana iya fin mai kujeru talatin ƙarfin faɗa a ji, idan dai nasa shidan ne ke cike gurbin rinjayen.

Kerala jiha ce da aka kafa ranar 1 ga Nuwamban 1956 ta hanyar haɗa yankunan masu magana da harshen Malayalam. Ƙidayar 2011 ta nuna tana da mutane kimanin miliyan 33, inda mabiya addinin Hindu suka kai kusan kashi 55 cikin 100, Musulmi kusan kashi 27, Kiristoci kuma kashi 18. Kiristocin tsakiyar jihar, musamman na Kottayam da kewayenta, tsofaffin Kiristoci ne da ke danganta asalin addininsu da manzo Toma, ba waɗanda Turawan mulkin mallaka suka kawo wa addini ba. Mutane ne masu gonaki, masu makarantu da asibitoci da bankuna, kuma arzikin yawancinsu ya dogara ne ga itacen roba, wanda ake tsaga bawonsa da asuba a tari ruwansa a ɗan kofi, a daskarar da shi a mayar da shi falle-falle a kai kasuwa. Hukumar kula da roba ta ƙasar Indiya ma a Kottayam hedikwatarta take. A ƙauyen Marangattupilly na wannan yanki aka haifi Mani ranar 30 ga Janairun 1933, a gidan manoma mabiya ɗariƙar Katolika. Ya yi karatun lauya a Madras, wadda yanzu ake kira Chennai, ya yi aikin lauya na ɗan lokaci, sannan ya shiga jam'iyyar Congress, babbar jam'iyyar Indiya a lokacin, har ya zama sakatarenta na gundumar Kottayam.

Siyasar da ya taso ya tarar siyasa ce ta tsoron gurguzu. A 1957 jam'iyyar kwaminis ta ci zaɓe a Kerala a ƙarƙashin E. M. S. Namboodiripad, ta kawo dokar sake rabon filaye da dokar sa ido a kan makarantu masu zaman kansu, abubuwa biyu da suka taɓa Coci da masu gonaki a inda ya fi yi musu ciwo. Cocin Katolika da ƙungiyar al'ummar Nair mabiya addinin Hindu da Congress da jam'iyyar Musulmi suka haɗa kai suka yi gangamin da ya kai ga gwamnatin tarayya ta rushe wannan gwamnati a 1959. Manoman Kottayam sun fito daga wannan gwagwarmaya da yaƙinin cewa suna da ƙarfi, kuma gwarzonsu a cikin Congress shi ne P. T. Chacko, ministan harkokin cikin gida. Da Chacko ya rasa muƙaminsa a 1964 bayan wata badaƙala da rashin jituwa da babban minista R. Sankar, sannan ya rasu a watan Agustan shekarar, sai magoya bayansa suka ɗauki abin a matsayin wulaƙanci ga al'ummarsu. 'Yan majalisa 15 na Congress suka mara wa ƙuri'ar rashin amincewa baya, gwamnatin Sankar ta faɗi, kuma ranar 9 ga Oktoban 1964 aka kafa sabuwar jam'iyya mai suna Kerala Congress a Kottayam, a ƙarƙashin jagorancin K. M. George tare da R. Balakrishna Pillai.

Mani ba ya cikin waɗannan 15 ɗin, domin a lokacin bai shiga majalisa ba. Ya bi sahunsu ne daga baya kaɗan, aka ba shi takarar sabuwar mazaɓar Pala a 1965 yana ɗan shekara 32, ya kuma ci. Abin dariyar shi ne, wannan majalisa ba ta taɓa zama ba ko sau ɗaya, saboda babu jam'iyyar da ta iya haɗa rinjaye, aka rushe ta kafin a rantsar da kowa. Don haka ne masu lissafin kwanakinsa a majalisa suke farawa daga 1967, masu lissafin wakilcin Pala kuwa suke farawa daga 1965. A zaɓen 1970 saura ƙiris tarihin gaba ɗaya ya tsaya tun bai yi nisa ba, domin ƙuri'a 364 kacal ya ba M. M. Jacob na Congress rata, mutumin da daga baya ya zama gwamnan jihar Meghalaya. Ya kamata a riƙe wannan adadi, saboda yana rushe tunanin cewa Pala gonar gado ce da Mani ya samu a share.

Shigarsa gwamnati ta zo ne a lokaci mai duhu. A watan Yunin 1975 Indira Gandhi ta ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a Indiya, Kerala Congress kuma da farko tana cikin masu adawa. Kafin shekarar ta ƙare jam'iyyar ta sauya ra'ayi ta shiga gwamnatin C. Achutha Menon, inda aka rantsar da Mani a watan Disambar 1975 a matsayin ministan kuɗi. Wannan shi ne karo na farko da aka ga ɗabi'ar da za ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa, wato idan aka ba shi zaɓi tsakanin tsayawa a waje a kan aƙida da shiga ciki ya samo wa mutanensa rabo, to shiga ciki zai zaɓa. Bayan zaɓen 1977 ya zama ministan harkokin cikin gida, mai kula da 'yan sanda, a ƙarƙashin K. Karunakaran sannan A. K. Antony. A ƙarshen wannan shekara babbar kotun Kerala ta soke zaɓensa bisa zargin cewa ya nemi taimakon wani babban jami'in 'yan sanda wajen yaƙin neman zaɓe, ya sauka, abokin siyasarsa P. J. Joseph ya riƙe masa kujerar. A watan Satumbar 1978 Kotun Ƙoli ta warware wannan hukunci, Joseph ya tashi, Mani ya koma mazauninsa. Shekara guda bayan haka mutanen biyu suka raba gari.

A nan ne ake shiga ɓangaren da ya fi rikitar da baƙo, wato rabe-raben Kerala Congress. Bayan rasuwar K. M. George a 1976, Balakrishna Pillai ya ɓalle a 1977 ya kafa nasa ɓangaren. A 1979 Mani da Joseph suka rabu, aka samu Kerala Congress (M) ta Mani da kuma ta Joseph. A 1985 aka haɗe, a 1987 aka sake rabuwa. A 1993 T. M. Jacob ya fice daga wurin Mani da nasa mutanen, a 2003 P. C. Thomas, ɗan marigayi Chacko, ya yi nasa ficewar, a 2010 Joseph ya dawo ya haɗe da Mani, a 2016 kuma Francis George, ɗan K. M. George, ya kama gabansa. Kusan kowane ɓangare yana riƙe sunan Kerala Congress, sai ya liƙa harafin farko na sunan jagoransa ko sunan gaba ɗaya a gefe, har masu barkwanci a jihar suke cewa haruffan boko za su ƙare kafin rabuwar ta ƙare. Mani da kansa ya mayar da abin kirari, inda ya ce tasu jam'iyya ce da ke rabuwa tana girma, tana girma tana rabuwa.

Maganar tana da daɗin ji, amma rabinta ne gaskiya. Jimillar kujerun dukkan ɓangarorin ba ta ƙaru ba, domin a 1965 jam'iyyar tana dunƙule ta ci kujeru sama da 20, a 1977 ta ci 20, daga baya kuwa ko an tattara ɓangarorin duka ba safai ake kai wannan adadi ba. Abin da ya ƙaru shi ne yawan kujerun minista, saboda kowane ɓangare da ya shiga ƙawance a matsayin jam'iyya mai zaman kanta yana da haƙƙin neman nasa ministan, ko da ɗan majalisa ɗaya ko biyu gare shi. Wannan ne ya sa rabuwar ba ta taɓa zama hasara ga jagororin ba. Babu wata aƙida da ta raba Mani da Joseph ko da Jacob, manoma ɗaya suke yi wa magana, limamai ɗaya suke kai wa gaisuwa, abin da ya raba su shi ne wane ne zai shugabanci jam'iyya, wane ne zai samu ma'aikata, daga baya kuma ɗan wane ne zai gaji kujera. Dokar hana sauya sheƙa da Indiya ta kafa a 1985 ba ta toshe ƙofar ba, domin har zuwa 2003 ta yarda kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisar jam'iyya su ɓalle ba tare da sun rasa kujerunsu ba, kuma a jam'iyya mai 'yan majalisa tara mutum uku sun isa.

Shekarun 1980 zuwa 1982 su ne suka fi nuna yadda wannan lissafi yake aiki a zahiri. A zaɓen 1980 Mani, mutumin da jam'iyyarsa ta samo asali daga ƙin gurguzu, ya shiga ƙawancen 'yan gurguzu, ya zama ministan kuɗi da shari'a a gwamnatin E. K. Nayanar. A watan Oktoban 1981 ɓangaren Congress na A. K. Antony ya janye daga gwamnatin, kwanaki kaɗan bayan haka Mani ma ya janye, Nayanar ya yi murabus. Karunakaran ya kafa sabuwar gwamnati a watan Disamba da Mani a ciki, amma rinjayenta bai wuce zare ba, har sai da kakakin majalisa A. C. Jose ya riƙa jefa ƙuri'ar raba gardama don ceto ta duk lokacin da aka yi kunnen doki. A watan Maris na 1982 ɗan majalisa ɗaya tak, Lonappan Nambadan, wanda ɗan jam'iyyar Mani ne, ya tsallaka ɗaya ɓangaren, gwamnatin ta rushe. Mutum ɗaya ya kayar da gwamnatin jiha mai mutane miliyoyi, kuma duk ɗan siyasar Kerala na wannan zamani ya koyi darasin.

Daga zaɓen 1982 siyasar jihar ta daidaita a kan ƙawance biyu, UDF da Congress ke jagoranta da LDF da jam'iyyar kwaminis ta CPI(M) ke jagoranta, suna karɓa-karɓar mulki a kowane zaɓe har zuwa 2021, lokacin da LDF ta karya al'adar ta zarce. Ratar ƙuri'u tsakanin ƙawancen biyu ba ta cika yin yawa ba, saboda haka kowane ɗaya yana buƙatar ƙananan jam'iyyu masu riƙe da wata al'umma ko wani yanki. A UDF, jam'iyyar Musulmi ta IUML ce ke kawo ƙuri'un Malappuram da arewacin jihar, Mani kuma yake kawo na Kottayam da Idukki da wasu sassan maƙwabta. Ya zauna a wannan ƙawance fiye da shekara 30, ana ba shi ma'aikatar kuɗi ko ta filaye da haraji, kusan kullum haɗe da ta shari'a. A 2011 UDF ta ci kujeru 72, LDF 68, Mani yana da 9 daga cikin 72 ɗin. Ba sai an yi dogon bayani ba, a irin wannan majalisa ya zama ƙadangaren bakin tulu, Congress ba za ta iya taɓa shi ba tare da ta fasa tulun ba.

Sai dai duk wannan ciniki ba ya yiwuwa idan mutum ya faɗi a mazaɓarsa, kuma a nan ne Mani ya bambanta da abokan hamayyarsa, waɗanda kusan kowannensu ya taɓa shan kaye. Ya sha faɗa cikin raha cewa Pala ita ce matarsa ta biyu, maganar da Bahaushe zai fi kowa gane nauyinta, domin ya san kishiya ba ta yarda a tsallake mata kwana. An san shi da farar riga mai dogon hannu da farin zane irin na mazan Kerala, kullum a goge tas, yana bin gidajen biki da gidajen makoki, yana kiran mutane da sunayensu da sunayen gidajensu. Gidansa na Pala ya kasance kamar ofis na biyu, inda mai neman takardar fili da mai neman canjin wurin aiki da mai neman kuɗin magani suke layi. Tun da ya shafe shekaru yana riƙe da lalitar jiha, ba a yi mamaki ba da tituna da gadoji da ofisoshin gwamnati suka taru a wannan ƙaramin gari da ke bakin kogin Meenachil, har 'yan adawa suka riƙa gorin cewa kowane kasafin kuɗi nasa Pala ce ke cin kaso na farko. Babban asibitin gwamnati na garin yanzu sunansa yake ɗauke da shi.

Ya yi ƙoƙarin ba siyasarsa tushe na tunani, don kada a ce jam'iyyar limamai da masu gonar roba ce kawai. Ya fito da abin da ya kira ra'ayin ajin masu wahala, wanda ke cewa rabon da 'yan gurguzu suke yi wa al'umma, masu jari a gefe ma'aikata a gefe, bai yi wa ƙaramin manomi adalci ba, domin mai kadada ɗaya ko biyu da ke noma da hannunsa ya mallaki ƙasa amma shi ma gumi yake ci. A ganina wannan ra'ayi bai kai matsayin falsafar da magoya bayansa suke ɗora shi a kai ba, amma ya yi masa amfani ƙwarai a aikace, saboda ya ba shi harshen da zai iya zama da kowane ƙawance ba tare da an ce ya ci amanar aƙidarsa ba. Ayyukan da aka fi tunawa da shi da su ma daga wannan layi suka fito. Akwai fanshon ma'aikatan gona da aka fara a gwamnatin 1980 yana ministan kuɗi, akwai rabon takardun mallakar fili ga manoman da suka yi ƙaura zuwa tsaunuka, akwai kuma asusun Karunya na zamanin gwamnatin 2011. Wannan na ƙarshe ya samo kuɗinsa ne daga tikitin caca na gwamnati, wanda Kerala ta daɗe tana sayarwa tun 1967, aka ware ribar wani rukuni nasa don biya wa talakawa kuɗin jinyar ciwon daji da na ƙoda da na zuciya. Ana iya yin muhawara a kan dacewar tara kuɗin magani ta hanyar caca, tun da mafi yawan masu sayen tikitin talakawan ne su kansu, amma dubban iyalai sun amfana, kuma sun san wanda ya kawo shirin. Da farashin roba ya faɗi warwas, daga sama da rupi 200 a kowane kilo a 2011 zuwa kusan rabin haka cikin 'yan shekaru, kasafinsa na 2015 ya kawo tsarin da gwamnati ke cike wa ƙaramin manomi giɓi har farashi ya kai rupi 150.

Wannan ƙanƙantar da ta sa ba a iya yi sai da shi ita ce kuma ta yi masa rufi. Congress za ta iya ba shi kowace ma'aikata, amma ba za ta miƙa kujerar babban minista ga jam'iyya mai kujeru tara ba, 'yan gurguzu ma haka. An sha raɗe-raɗin cewa wani ɓangare zai ɗora shi a kan kujerar don a kayar da ɗaya ɓangaren, kuma raɗe-raɗin ya yi ƙarfi a 2014. Magoya bayansa sun daɗe suna iƙirarin cewa wannan ne ya jawo masa masifar da ta biyo baya, suna zargin wasu a cikin Congress da ƙulla masa tarko don su karya masa fiffike.

Masifar ita ce badaƙalar mashaya. A 2014 gwamnatin UDF ta babban minista Oommen Chandy ta ƙi sabunta lasisin mashaya 418, daga baya ta bayyana shirin taƙaita sayar da barasa a manyan otal-otal kawai. A ƙarshen watan Oktoba wani jigo a ƙungiyar masu mashaya, Biju Ramesh, ya fito a talabijin ya ce an ba Mani cin hancin rupi miliyan 10 don a sake buɗe wuraren da aka rufe. Mani ya musanta, hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar ta buɗe bincike, 'yan adawa kuma suka rantse cewa ba zai karanta kasafin kuɗi ba yana cikin zargi. Daren 12 ga Maris na 2015 'yan majalisar ɓangarorin biyu a harabar majalisa suka kwana, Mani ma bai koma gida ba. Da gari ya waye ranar 13, 'yan LDF suka tare ƙofofin da ake sa ran zai shigo ta nan, wasu suka hau dandamalin kakaki suka ture kujerarsa ƙasa, aka fizge makirfo, aka farfasa kwamfutoci, wani ɗan majalisa mai suna V. Sivankutty ya tattare zanensa ya riƙa takawa a kan tebura har ya yanke jiki ya faɗi. Ana cikin wannan hargitsi Mani ya ɓullo ta wata ƙofa, 'yan ɓangarensa da dogaran majalisa suka yi masa zobe, ya karanta 'yan jimloli cikin 'yan mintoci ya ajiye takardar, abokansa suka shiga rabon alewar laddu a cikin zauren, duk ana haska wa jama'a kai tsaye. Wannan shi ne kasafinsa na 13, kuma na ƙarshe. Dattijo ne ɗan shekara 82 a ranar, a cikin watan ne kuma aka naɗa shi shugaban kwamitin ministocin kuɗi na jihohin Indiya mai tsara sabon harajin kaya da ayyuka na bai-ɗaya.

A watan Nuwamban 2015 wani alƙalin babbar kotun Kerala ya ƙi dakatar da ci gaban binciken, ya kuma kawo tsohuwar maganar nan ta Rumawa cewa matar Kaisar dole ta kasance ta fi ƙarfin zargi. Washegari, ranar 10 ga wata, Mani ya yi murabus. Ya kamata a faɗa a sarari cewa ba a taɓa samunsa da laifi ba. Masu bincike sun kai rahoto fiye da sau ɗaya cewa babu isasshiyar shaida, kotu ta riƙa mayar musu da shi a sake dubawa, shari'ar tana nan a buɗe har ya rasu. A zaɓen 2016 UDF ta sha kaye, ta tashi da kujeru 47, jam'iyyarsa ta samu 6, shi kuma ya tsira a Pala da ratar ƙuri'a 4,703. A watan Agustan shekarar ya fice daga UDF ya zauna shi kaɗai a majalisa, ba ya nan ba ya can, yana barin kowa ya zo zawarci. A watan Yunin 2018 ya koma, bayan Congress ta sadaukar da kujerarta ta majalisar dattawan tarayya ga ɗansa Jose K. Mani, abin da ya fusata matasan Congress ƙwarai. Ko a shekara 85, da 'yan majalisa shida kacal, ya iya sa babbar jam'iyya ta biya farashin da ya yanka.

Ya rasu a Kochi ranar 9 ga Afrilun 2019. Ayarin da ya ɗauko gawarsa zuwa Pala ya kwana a hanya saboda cincirindon masu tsayar da shi don ban kwana, aka binne shi a babban cocin garin. Wanda ya ga wannan taro zai ɗauka kujerar ta zama ta gidan har abada, amma alkaluman zaɓe sun daɗe suna faɗin wani abu daban. Mani C. Kappan, tsohon ɗan wasan ƙwallon raga kuma mai shirya fina-finai, ya kara da shi a 2006 da 2011 da 2016, kuma kowane karo ratar raguwa take yi, daga sama da 7,000 zuwa 5,259 zuwa 4,703. A zaɓen cike gurbi na Satumbar 2019, Jose K. Mani da P. J. Joseph suna ta ja-in-ja a kan shugabancin jam'iyya, har ɗan takararsu ya tsaya ba tare da tambarin ganye biyu da aka san jam'iyyar da shi ba, Kappan ya ci da ratar 2,943 a ƙarƙashin tutar LDF. A watan Oktoban 2020 Jose ya kwashi ɓangarensa ya koma LDF, Kappan kuwa da ya ga za a karɓe masa Pala a ba sabon baƙo sai ya tsallaka UDF, suka kara a 2021, ya kayar da ɗan Mani a garin ubansa da ratar ƙuri'a kimanin 15,000.

Tarihin daɗewa a majalisar Kerala ma bai zauna a hannunsa ba, domin a watan Agustan 2022 Oommen Chandy, wanda ya wakilci Puthuppally a wannan gunduma ta Kottayam tun 1970, ya zarce shi a yawan kwanaki. Jam'iyyar da ya bari dai ta ci gaba da sana'ar da ya koya mata. Ta ci kujeru 5 a 2021 a cikin LDF, aka ba ɗan majalisarta Roshy Augustine ma'aikatar albarkatun ruwa, ya zauna a majalisar ministoci ɗaya da V. Sivankutty, wanda ya taka tebura don hana Mani karanta kasafi, shi Sivankutty kuma aka ba shi ma'aikatar ilimi. A watan Yulin 2021 Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da buƙatar gwamnatin jihar ta janye ƙarar da ake yi wa waɗanda suka farfasa kayan majalisa a ranar 13 ga Maris na 2015, ta ce sai sun fuskanci shari'a.